Darasin Iyaye: A Karanta da Baki, a Maimaita da Hannu

Tun daga shekarar 2019 iyalai da yawa suka tsallako daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi. Wanda ya fito cikin dare bai tsaya ɗaukar littafi ba, ƴaƴansa ya ɗauko. Yau a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau, Cadakori da sauran garuruwan da suka karɓi baƙi, akwai yaran da suka daɗe rabonsu da aji. Waɗansu kuma sun shiga makaranta sun tarar ana koyarwa da Faransanci, harshen da ba su taso da shi ba. Littattafan yara masu hotuna ba su wadata ba, ɗan wanda ya zo hannu ma sai a karanta shi sau ɗaya a ce an gama.

Darasin wannan fitowa zai nuna yadda littafi guda zai yi wa gida aiki na mako ɗaya cur. Hanyar ita ce, duk lokacin da aka karanta labari, sai yaro ya ƙera wani abu daga cikinsa da hannunsa, sannan ya sake ba da labarin da abin da ya ƙera. Ba a bukatar kuɗi. Uwa ko uba ko kaka da ba su yi boko ba, su ma za su iya.

Me ya sa ake haɗa littafi da aikin hannu?

Na farko, gani ya kori ji, yi kuma ya fi gani zama a ƙwaƙwalwa. Yaron da zai gina rijiyar da ke cikin labari dole ya koma ya duba hoton, ya tuna wa ya zo bakinta, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya. Bin labari daga farko zuwa ƙarshe shi ne abin da malami zai nema wurinsa a aji, ko da wane harshe ake karatun.

Na biyu, aikin hannu yana buɗe baki. Yayin da ake murza laka ana cewa dogo, gajere, sama, ƙasa, uku, huɗu. Kalmomin da yaro ya mallaka da harshen gida ba asara ba ne. Wanda ya riga ya san ƙirga da Hausa, sunayen lambobi kawai zai koya da Faransanci, ba ƙirgar kanta ba.

Na uku, murzawa, yagawa, ƙullawa da liƙawa suna ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami da fensir.

Na huɗu, yaron da ya ga tashin hankali yana samun natsuwa idan akwai abin da ake yi kullum a lokaci guda, kusa da babban da ya yarda da shi. Kada ku ɗauka ɓata lokaci ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar da Najeriya duk suka amince da ita, ta sa wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31, kamar yadda ta sa ilimi a sashe na 28.

Ina za a samu littafi?

Ku tambayi malaman makaranta ko masu kula da wurin wasan yara ko suna ba da aro. Idan littafin da Faransanci ko Turanci aka rubuta shi, kada ku mayar. Hotunan ba su da yare, ku bi su ku ba da labarin da Hausa. Wanda ke da wayar da ke shiga intanet zai iya neman African Storybook, wani shiri daga Afirka ta Kudu mai littattafan hotuna kyauta cikin harsunan Afirka da dama, har da Hausa.

Kayan aiki

Yawancinsu suna tsakar gida:

- laka ko yumɓu, don siffofi da ƴan tukwane
- karan dawa ko na gero, da totuwar da ke cikinsa
- kwali, tsohon buhu, tsumma da zare
- murafun kwalba, ɓawon gyaɗa, ƴaƴan tsamiya, busassun ganyaye
- gawayi don baƙin launi, toka don fari-fari, jar ƙasa, da ragowar zoɓon da aka tace don ja
- ƙaro da aka jiƙa cikin ruwa kaɗan, shi ne abin liƙi. Ƙaron nan dai da almajirai ke sa wa tawada

Abu biyu za a kiyaye. Kada a taɓa abincin gida don yin wasa. Kara da kaba kuma suna da masu su: kara abincin dabbobi ne, da shi ake danni. A nemi izinin mai gona kafin yara su ɗiba, don kada ɗan abin wasa ya ɓata zaman lafiya da masu masaukinmu.

Matakai shida

1. Ku duba littafin ku kaɗai tukuna. Ku san labarin, ku ga ko akwai hoton da zai tayar wa yaro da hankali.
2. Ku zauna kan tabarma, yaro a gefenku yana ganin shafi. Ku fara da bango: “Me kake gani a nan? Kina jin me zai faru?”
3. Ku karanta, ko ku ba da labarin daga hotuna. Ku riƙa tsayawa kuna tambaya. Mai karantawa ya riƙa bin rubutu da yatsa daga hagu zuwa dama, musamman ga yaron da ya saba da allo, inda ake farawa daga dama.
4. Ku bar yaro ya zaɓi abu ɗaya da za a ƙera. Ɗaya kawai.
5. A yi aikin, littafi na buɗe a nesa da ruwa da laka. Babba ya yanka abin da ke bukatar wuƙa, sauran na yaro ne. In akuyarsa ta yi kama da kare, ku bar masa. Kada ku karɓe ku gyara.
6. A rufe littafi. Yaro ya ba da labarin da kansa, yana motsa abin da ya ƙera. Wannan mataki shi ne zuciyar darasin, kada a tsallake shi.

Minti 10 na karatu da minti 20 na aiki sun isa. In yaro ya gaji kafin nan, a dakata sai gobe.

Misali: Gizo da hankaki

Mu ɗauka littafin da ya zo hannunku na tatsuniyar Gizo da hankaki ne. Kowane gari da yadda yake ba da ita, amma gindinta ɗaya ne. Ana yunwa, hankaki suna samun ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa. Gizo ya roƙe su, kowa ya ba shi gashi guda aka liƙa masa, ya tashi tare da su. Da aka isa, haɗama ta sa ya hana masu gashin cin ɓauren. Kowa ya zare gashinsa ya tafi, aka bar Gizo a kan bishiya, ruwa ta ko'ina.

*Rana ta farko.* A karanta, a yi Gizo. A mulmula laka kamar ƙwallon goruba, a soka tsinkaye a matsayin ƙafafu. Ku tambaya: gizo-gizon da ke saƙa a kusurwar ɗaki ƙafafunsa nawa? A je a duba, takwas ne. A sa huɗu a kowane gefe. Yaro ya riga ya yi lissafin huɗu da huɗu ba tare da ya sani ba. A shanya a inuwa, don laka na tsagewa in ta bushe da sauri cikin rana.

*Rana ta biyu.* A yi hankaki. A yaga kwali a siffar tsuntsu, a shafe da gawayi, a bar ƙirji fari kamar yadda hankaka yake. Kowane yaro a gidan ya yi nasa, ya raɗa masa suna.

*Rana ta uku.* A yi gashi da ƙananan ganyaye. Kowane hankaka ya ba Gizo guda, ana ƙirgawa ana liƙawa da ƙaro. Sai a zo wurin zarewa: “Akwai shida, an zare biyu, saura nawa?” Ƙari da ragi ke nan.

*Rana ta huɗu.* A zana kogi a ƙasa da tsinke, a kafa reshe a tsakiya, a manna masa ƴan dunƙulen laka a matsayin ɓaure. Yara su yi wasan labarin daga “ga ta nan, ga ta nanku” har “ƙurunƙus”, manya su zama ƴan kallo.

*Rana ta biyar.* Hira ce. Me ya sa hankaki suka taimaki Gizo? Da kai ne hankaka, za ka zare gashinka? Me ya kamata Gizo ya yi da aka kai shi bishiyar? Kada ku yi saurin ba da amsa. Mu da muka san yunwa, muka san taimakon wanda ya buɗe mana ƙofa, yaranmu suna da abin cewa a nan fiye da yadda muke zato.

*Rana ta shida.* Wanda ya fara koyon baƙaƙe ya murza laka ya yi harafin G, harafin farko na Gizo, ya neme shi a shafukan littafin. Daga nan ya yi harafin farko na sunansa.

Waɗansu haɗe-haɗen

Littafin kasuwa: a kasa duwatsu da ƴaƴan tsamiya kashi-kashi, murafun kwalba su zama kuɗi, a yi ciniki. Littafin tafiya: a yi mota da totuwar kara, irin wadda iyaye maza da yawa suka yi suna yara. Wannan dama ce ga uba ya zauna ya koya wa ɗansa da ƴarsa. Littafin iyali: ƴar tsana ta tsumma da kara. Littafin wanke hannu: ƴar buta ta laka, sannan a tashi a wanke hannu na gaske da sabulu.

Idan a gidanku ba a son ƙera siffar abu mai rai, darasin bai ɓaci ba. Ku zaɓi bishiyar, kogin, rumbu, kwale-kwale ko tukunya. Kowane labari yana da irin waɗannan.

Ɗan shekara 3 zuwa 4, murzawa da yagawa sun ishe shi. Daga 5 zuwa 7 yaro zai iya ƙera siffa ya ƙirga. Ƴan shekara 8 zuwa sama su ɗinka kwalaye huɗu ko biyar da zare, su zana labarin da kaka ta ba su da dare, su zama masu littafin kansu, su karanta wa ƙannensu. Yaro mai nakasa kada a bar shi a ɗaki. Wanda ba ya gani, a ba shi siffar ya shafa. Wanda ba ya ji, hoto da aikin hannu sun fi kowace hanya isa gare shi.

Idan yaro ya ƙera abin tsoro

Wata rana za ku ce a yi akuya, yaro ya ƙera bindiga, ko babur da mutane uku a kai, ko ya zana gida yana ci da wuta. Kada ku fasa abin, kada ku doke shi, kada kuma ku tsare shi da tambayoyi. Abin da bakinsa ya kasa faɗa ne hannunsa ya faɗa. Ku ce masa a hankali, “Faɗa mini abin da ka yi.” In ya yi magana ku saurara, in ya yi shiru ku ƙyale shi. Ku gaya masa kuna tare da shi. Daga baya ku tambaye shi ko yana son ya ƙara wani abu, kamar wanda ya taimake ku a hanya, ko ɗakin da kuke kwana yanzu.

Wani kuma hoton rumbu ko gona ne zai tuna masa gida. Ku bar shi ya gina gidan da laka, ku gaya masa sunan garin da na kakanninsa. Haƙƙinsa ne ya sani.

Amma idan yaro ya daɗe yana firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi abinci, ko ya daina magana da wasa, ku kai shi wurin ma'aikatan lafiya ko masu kula da kare yara. Ba abin kunya ba ne.

A kiyaye

- Yaron da bai kai shekara 3 ba, kada a bar masa ƙananan abubuwa kamar ƴaƴan tsamiya da murafun kwalba, suna shaƙewa. Leda ma a nesanta ta da shi.
- Ba a wasa da reza, allurar asibiti, tsohon batir, ko kwalbar magani da ta maganin feshi.
- Duk ƙarfen da ba a san shi ba da aka gani a daji ko kan hanya, kada a taɓa. A sanar da manya, su sanar da hukuma.
- Babba ne zai ɗebo laka. Bakin kududdufi da ramin ƙasa suna zaftarewa.
- A wanke hannu da sabulu bayan aiki, kafin cin abinci da kafin taɓa littafi.
- A ajiye littafi cikin buhu a rataye, saboda gara da ruwan sama, a mayar da shi ranar da aka yi alkawari. Wani gidan yana jira.

Aikin wannan mako

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu gida uku ko huɗu, ku aro littafi ɗaya, ku tsayar da lokaci guda, kamar bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Wanda ya iya karatu ya karanta, wadda ta iya tatsuniya ta bayar, wanda ya iya motar kara ya koyar. Ranar ƙarshe ku rufe littafin, ku ce wa mafi ƙanƙanta cikin yaran ya ba ku labarin. Ku lura da kalmomin da ya yi amfani da su waɗanda bai sani ba a farkon mako, ku gaya wa malaminsa.