Injinan Haƙar Kuɗin Intanet: Abin da Ya Kamata Ɗan Ƙasa Ya Sani Kafin Ya Saya

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan kalmar haƙa ta sami wata sabuwar ma'ana a bakin samarin ƙasan nan. Da, in an ce haƙa, hankali yakan tafi ga kuza a Jos ko kwal a Inugu. Yanzu kuwa ana nufin neman kuɗin intanet, wanda ake kira kirifto, ta hanyar sa na'ura aiki. Akwai masu tallar injinan wannan aiki, suna faɗa wa jama'a cewa wanda ya sayi guda ɗaya ya ajiye a ɗaki, kuɗi za su riƙa shigo masa dare da rana. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana yadda injinan suke aiki, da gardamar da masana suka daɗe suna yi a kansu, da kuma lissafin da ya wajaba mutum ya yi kafin ya fitar da dukiyarsa.

Mece ce haƙa?

Kuɗin Bitcoin, wanda shi ne na farko a irin waɗannan kuɗaɗe, ya soma aiki ran 3 ga Janairu, 2009. Wanda ya ƙago shi ya yi amfani da sunan Satoshi Nakamoto. Kuɗin ba shi da babban banki, ba shi da gwamnatin da ta tsaya masa. Abin da yake da shi shi ne wani babban littafin lissafi, wanda dubban kwamfutoci a ƙasashe daban-daban suke riƙe da kwafinsa, kuma a cikinsa ake rubuta duk cinikin da aka yi.

Kimanin kowane minti 10 ana ƙara sabon shafi a wannan littafi. Kafin a yarda wa wani ya rubuta shafin, sai na'urarsa ta riga sauran gano wata lamba. Babu dabarar gano lambar nan sai gwaji: a gwada wannan, in ba ta yi ba a gwada waccan, har a dace. Wanda ya dace, shi ake ba ladan sababbin kuɗi. Wannan gwaje-gwaje shi ake kira haƙa.

Akwai ƙa'idoji biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ta farko, ladan yana raguwa da rabi bayan kowane shafi 210,000, watau kimanin shekara 4. An fara da Bitcoin 50 a kan kowane shafi, ya koma 25 a 2012, ya koma 12.5 a 2016, sannan 6.25 a 2020, kuma daga watan Afrilu na 2024 ya zama 3.125. Ta biyu, bayan kowane shafi 2,016, watau kimanin mako biyu, tsarin yakan gyara wuyar lissafin da kansa. In injina sun ƙaru, aikin ya ƙara wuya, don kada a wuce shafi ɗaya a minti 10. Ma'anar wannan ita ce, yawan injina ba ya ƙara yawan kuɗin da ake rabawa, sai dai ya ƙara yawan masu rabon.

Yadda injinan suka sauya

A shekarar 2009 kwamfutar gida ta ishi mutum ya yi haƙa. A 2010 aka gane cewa allon sarrafa hoto, wanda ake sa wa kwamfuta don wasanni da zane, ya fi saurin gwajin lambobi nesa ba kusa ba, sai masu haƙa suka koma kansa. A farkon 2013 kuma aka fito da injinan da aka ƙera musamman don wannan lissafi kaɗai, waɗanda ake kira ASIC. Wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Canaan ne ya fara fito da irinsu kasuwa da sunan Avalon. A wannan shekara aka kafa kamfanin Bitmain a Beijin, wanda injinansa masu suna Antminer suka zo suka mamaye kasuwar.

Irin wannan inji ba ya iya rubuta wasiƙa, ba ya iya nuna hoto, aikinsa ɗaya ne tak. Antminer S9 na 2016 yana gwada lambobi kimanin tiriliyan 14 a daƙiƙa guda. Antminer S19 Pro na 2020 yana gwada tiriliyan 110. Tun daga zuwan waɗannan injina, kwamfutar gida ta fita daga gasar haƙar Bitcoin.

Gardamar masana

Zuwan injinan nan ya raba masu wannan harka gida biyu. Kashi na farko suka ce an kauce wa manufar asali. Da ma an ƙago kuɗin ne don kada ikonsa ya taru a hannun 'yan tsiraru, amma ga shi kamfanoni ƙalilan ne suke ƙera injinan, masu jari ne kuma suke iya sayensu da yawa. Tsoronsu yana da dalili, domin duk wanda ya mallaki fiye da rabin ƙarfin haƙa yana iya soke cinikin da shi kansa ya yi, ya kashe kuɗi ɗaya sau biyu. Masu haƙa sukan haɗa ƙarfinsu wuri guda kamar aikin gayya, su raba abin da aka samu, kuma a watan Yuni na 2014 wata irin wannan ƙungiya mai suna GHash.io ta kai kusan rabin ƙarfin haƙar duniya, abin da ya ta da hankalin jama'a ƙwarai.

Masu wannan ra'ayi suka shiga ƙago wasu kuɗaɗe da lissafin da suke fatan injin ASIC ba zai iya ba. Litecoin, wanda Charlie Lee ya fito da shi a 2011, ya yi amfani da wani lissafi dabam, amma a 2014 aka ƙera injinan da suka iya shi. Masu kuɗin Monero suka sauya lissafinsu a watan Afrilu na 2018 don su mai da injinan Bitmain marasa amfani, sannan a Nuwamba 2019 suka koma wani tsari mai suna RandomX, wanda ya fi dacewa da kwamfutar gida.

Kashi na biyu suka ce wannan yaƙi ɓata lokaci ne, kuma yana da haɗari. Hujjarsu ita ce, mutumin da ya zuba dukiyarsa a injin da ba ya iya wani aiki sai haƙar kuɗi guda ba zai so ya cuci kuɗin ba, domin in kuɗin ya faɗi injinsa ya zama kwangiri. Allon sarrafa hoto kuwa ana iya hayarsa na 'yan sa'o'i, a yi ɓarna da shi a wuce. Sukan kawo misalin Bitcoin Gold, wanda ya ɓalle daga Bitcoin a 2017 don ya mayar da haƙa ga masu allon hoto. A watan Mayu na 2018 wasu suka tara ƙarfin da ya wuce rabi, suka kai masa hari, aka yi asarar kimanin dala miliyan 18.

Masu kuɗin Ethereum sun yi shekaru suna wannan gardama, daga bisani suka bi wata hanya ta uku. Ran 15 ga Satumba, 2022, suka daina haƙa ɗungurungum, suka koma tsarin da mutum yake ajiye kuɗinsa jingina kafin a ba shi damar rubuta shafi. Wutar da tsarin yake ci ta ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Amma waɗanda suka sayi allunan hoto masu tsada don haƙar Ethereum sun wayi gari babu abin da za su haƙa mai riba irin ta da. Abin lura a nan shi ne, darajar inji tana rataye ne a kan shawarar mutanen da mai injin bai san su ba, ba kuwa za su nemi izininsa ba.

Wuta ita ce jari

Duk da saɓanin da ke tsakaninsu, kashi biyun sun yarda da abu ɗaya, watau ribar haƙa tana ga farashin wutar lantarki. Masu bincike na Jami'ar Kambirij ta Ingila sun ƙiyasta cewa haƙar Bitcoin tana cin fiye da yunit biliyan 100 a shekara, abin da ya ninka wutar da babban layin Nijeriya yake rabawa fiye da sau biyu. Saboda haka manyan masu haƙa sukan bi wuta mai araha duk inda take. Kafin 2021 yawancinsu suna ƙasar Sin. Da gwamnatin ƙasar ta hana aikin a wannan shekara, sai suka kwashe injinansu zuwa Amurka, musamman jihar Tekzas, da ƙasar Kazakistan. Wasu daga baya suka nufi Habasha saboda wutar da madatsun ruwanta suke bayarwa.

To, ga lissafin da ya shafi ɗan Nijeriya. Antminer S19 Pro yana cin wat 3,250. In ya yi aiki sa'a 24, ya sha yunit 78. A watan Afrilu na 2024 Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa ta sa farashin yunit ɗaya a kan naira 225 ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla sa'a 20 a rana. A kan wannan farashi, kuɗin wutar injin ya kama naira 17,550 a rana, watau naira 526,500 a kwana 30.

Nawa kuma zai samu? Ana rubuta shafi kimanin 144 a rana, kowanne da ladan 3.125, jimla Bitcoin 450 ga duniya duka. A cikin 2025 ƙarfin haƙar duniya ya kai daidai da irin wannan inji kimanin miliyan 9. Rabon inji guda ke nan bai wuce Bitcoin 0.00005 a rana ba. In aka ɗauka Bitcoin ɗaya dala 100,000 ne, farashin da ya fara kaiwa a Disamba 2024, dala ɗaya kuma naira 1,500, abin da injin zai kawo kimanin naira 7,500 ne a rana. Watau mai shi yana asarar kimanin naira 10,000 kowace rana, ba a ma zo ga kuɗin sayen injin, da kuɗin kwastan, da na sanyaya ɗakin ba. Sabon inji kamar Antminer S21, mai gwada tiriliyan 200 da wat 3,500, zai sha wutar naira 18,900 ya kawo kimanin naira 13,500. Wanda kuma zai dogara da janareta, asararsa ta fi haka.

Hanyoyin da ake cutar jama'a

Hanya ta farko ita ce karɓar kuɗi kafin a kawo inji. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai kamfanin Butterfly Labs kotu, bisa zargin ya karɓi kuɗin dubban mutane bai kawo injinan ba, ko ya kawo su bayan sun tsufa. A wannan sana'a jinkirin wata shida ya isa ya mai da inji mara riba.

Ta biyu ita ce hayar inji daga nesa. Akan ce wa mutum ya biya kuɗi, za a yi masa haƙa a wata ƙasa, ya riƙa ganin ribarsa a waya. A watan Fabrairu na 2025 mutum biyu 'yan ƙasar Istoniya, masu kamfanin HashFlare, suka amsa laifi a wata kotun Amurka cewa sun sayar da irin wannan haya ta fiye da dala miliyan 500, alhali ba su da injinan da za su yi aikin.

Ta uku ita ce rikita sunaye. Danna fuskar waya da samari suka dukufa a kai a 2024, a wasanni irin su Notcoin da Hamster Kombat, ana ce masa haƙa, amma wayar ba ta yin lissafin da aka bayyana a sama. Maki ne kamfani yake bayarwa, shi ne kuma yake yanke abin da za su zama. Duk wanda aka ce ya biya kuɗi kafin a sakar masa makinsa, lalle ya yi hattara.

Matsayin doka

Ran 5 ga Fabrairu, 2021, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, sannan ya janye hanin a Disamba 2023. A watan Maris na 2025 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari, wadda ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin Hukumar Kula da Hannayen Jari, ta kuma tanadi hukunci ga masu shirin da ake biyan na farko da kuɗin na baya. Har ila yau, jan wuta ta bayan mita don ciyar da inji laifi ne, kuma yana jawo gobara, domin wayoyin gidan zama ba a yi su don irin wannan nauyi ba.

Kammalawa

Ba a hana kowa neman halaliyarsa ba, amma rigakafi ya fi magani. Kafin ɗan ƙasa ya sayar da gona ko ya ci bashi don sayen inji, ya kamata ya san wat nawa injin yake ci, nawa ne yunit a unguwarsu, sa'a nawa ake samun wuta, kuma nawa injin yake kawowa a ranar da zai saya. In mai talla ya ƙi amsa waɗannan, ko ya yi alkawarin riba tabbatacciya, to, a riƙe kuɗi a aljihu, a kuma bincika ko kamfanin yana da rajista da Hukumar Kula da Hannayen Jari.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙaruwar injina ba ta ƙara yawan Bitcoin da ake rabawa a rana?
2. Wace hujja masu goyon bayan injin ASIC suke kafawa da abin da ya sami Bitcoin Gold a 2018?
3. Inji yana cin wat 3,000, yunit kuma naira 200 ne. Nawa ne kuɗin wutarsa a kwana 30, in yana aiki dare da rana?