Kafin ka cike takardar jami'a: shawara ga ɗan Agadas mai son harsuna

Tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, matasan Agadas da suka ci bak ke yawan tambayata ko karatun Faransanci a jami'a ya zama asarar shekara uku. Wasu iyaye ma har sun fara hana 'ya'yansu.

Ɗana, asarar tana ga wanda ya tsaya kan Faransanci shi kaɗai. Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci da harshen Fotugal da na Romaniya duk Latin ce ta haife su. Kai da ka kwashe shekara 13 a lakwal kana fama da jinsin suna da jujjuyawar aikatau, kamar madugu kake da ya riga ya san rijiyoyin hanya. Kalmominsu da yawa za ka gane su da gani, tsarin jimla ma bai yi nisa ba. Wahalarka tana ga kunne da furuci, kuma maganinta sauraren rediyo da hira kullum a sabon harshen, ko da a waya ne.

Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, ta fi karkata ga kimiyya da fasaha, don haka sai ka yi shirin tafiya. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai akwai adabin Faransanci da kimiyyar harshe. Mai son sauran harsunan da Latin ta haifa sosai ya dubi Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar, inda suke da sashe nasu, kuma a birnin ne cibiyar Cervantes mai koyar da Sifaniyanci ta buɗe a 2021.

In za ka ji tawa, ɗauki harshen Fotugal a matsayin na biyu. Da shi ake mulki a Angola da Mozambik da Gini Bisau da Kef Bad, Tarayyar Afirka na aiki da shi, ga Birazil, kuma masu jinsa a yankinmu kaɗan ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗalibi ke gama lisans bai iya rubuta Hausa ko Tamajak daidai ba. A kotu da asibiti da gidan rediyo, tafintan da ya riƙe harshen gida da na waje shi ake nema, yanzu ma fiye da da. Ka koyi ƙa'idar rubutun harshenka tun shekarar farko, ka riƙa fassara labari ɗaya kowane mako, ka kai wa malami ya gyara maka.

Iyaye kuma, don Allah ku bar yaron ya tafi, amma ku tambaye shi harshe na biyun da ya zaɓa kafin ku biya kuɗin mota.