Fitar da Rubu'in Shekara daga Kwanan Wata a Rumbun Bayanai

Manazarcin da ya adana kwanakin fitowar jaridu ko littattafai a rumbun bayanai na kwamfuta yakan buƙaci ya karkasa su rubu'i-rubu'i, wato wata uku-uku, domin ya ga lokacin da wallafa ta ƙaru ko ta ja baya. Wannan muƙala ta dubi yadda ake yin hakan da harshen SQL.

Kowace manhaja da nata salon. MySQL tana da umarnin QUARTER, wanda ke karɓar kwanan wata ya dawo da lamba daga 1 zuwa 4. PostgreSQL tana amfani da EXTRACT, SQL Server kuwa da DATEPART. A Oracle, TO_CHAR ake bai wa harafin Q. Ita SQLite ba ta tanadi umarni na musamman ba, sai an koma ga lissafi: a ciro lambar wata, a ƙara mata 2, a raba da 3, a watsar da ragowa. Agusta wata na 8 ne. An ƙara 2 ya zama 10, an raba da 3 ya ba da 3, wato rubu'i na uku. Sai dai a kula, alamar rabawa a MySQL ba ta watsar da ragowa, don haka DIV ake sawa a madadinta.

A ganina, ba a umarnin matsalar take ba, a bayanan da aka shigar take. Idan aka karkasa fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a Janairun 1939, bisa rubu'i kaɗai ba tare da shekara ba, rubu'in farko na 1939 zai haɗe da na 1940 a layi guda. Wanda ya fi wannan ɓarna shi ne littafin da shekararsa kawai aka sani, mai shigarwa ya cike gurbin da 1 ga Janairu. Nan take rubu'in farko zai kumbura, manazarci ya gina hujja a kan abin da bai faru ba. Gara a ware wa wata gurbinsa daban, a bar shi fanko.

Haka kuma, waɗannan umarnai kalandar Miladiyya suka sani. Rubuce-rubucen ajami masu ɗauke da kwanan Hijiriyya sai an juya su tukuna, domin shekarar Hijiriyya ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka Ramadan, wata na 9, yana iya faɗowa a kowane rubu'i.