MAN SHAFAWA DA FATAR JARIRINKI

Uwargida, saurara!

Idan hunturu ya kama, fata takan yi kaushi, ƙafa ta yi faso, kowace uwa ta shiga neman mai. To, ki sani fatar jariri ba ta kai taki kauri ba. Abin da aka shafa masa yana iya ratsawa ya shiga jikinsa.

MAI AMFANI

Man kaɗanya mai tsabta da man kwakwa suna tsare danshin fata, su rage kaushi. Ki shafa bayan wanka, tun jiki bai gama bushewa ba. Ki ajiye a mazubi mai murfi. In warinsa ya sāke, ki zubar.

SABABBIN MAYUKAN KANTI

Akwai mayukan da ake sa wa wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da aka tace daga tsirrai irin su citta. Ido ba ya ganinsu. Kamar 'yan jakunkuna suke, ɗauke da sinadarin tsiron. Yawancin gwajinsu a ɗakin bincike aka yi shi, ba a jikin jarirai ba. Saboda haka kada ki shafa wa jariri.

Ba duk abin da ya fito daga tsiro ne ke da lafiya ba. Ai tumfafiya ma tsiro ce!

KI KIYAYE WAƊANNAN

1. Kafin ki sayi mai, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

2. Sabon mai, ki fara ɗiga kaɗan a hannunki, ki jira kwana 2. In kin ga ƙuraje ko ƙaiƙayi, ki bar shi.

3. Kada ki sa mai, toka ko sassaƙe a cibiyar jariri. Ki karɓi maganin cibiya wajen malamar asibiti.

4. Kada ki yi wa jariri lalle. Akwai yaran da lalle ke fasa musu ƙwayoyin jini, ya jawo shawara.

5. Ki guji man bilicin, ko da an ce na tsirrai ne. Wasu akwai sinadarin makuri a cikinsu, mai lalata ƙoda, kuma yakan kai ga ɗanki ta cikin mahaifa ko ta nono.

In fatar ɗanki ta yi ja, ta kumbura, ko tana ruwa, kada ki tsaya gwaje-gwaje a gida. Maza ki kawo shi asibiti.

Launin da Allah ya ba ɗanki ya ishe shi ado.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Saƙo daga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha