Gudun Hijira da Makomar Karatun Ɗalibi

Darasinmu na wannan mako shi ne karatun yaran da tashin hankali ya raba da gidajensu.

Mu fara bambance abu biyu. Wanda ya baro ƙauyensu a Batsari ko Safana ya koma cikin Katsina bai fita ƙasarsa ba, haƙƙinsa yana wuyan gwamnatinmu. Wanda ya tsallaka iyaka kuwa, shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta kira ɗan gudun hijira. Ta hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Sashe na 22 kuma ya ce a ba shi karatun firamare daidai da ɗan ƙasa.

Misali yana kusa da mu. Tun 2019 dubban mutane daga Katsina, Zamfara da Sakkwato suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi ta Nijar. Hukumar UNHCR ta kwashe wasunsu nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda suke raba ruwa, asibiti da makaranta da mutanen gari. A kasuwa Hausa ake yi, amma a aji Faransanci ne. Ke nan ɗalibin da ya saba da Ingilishi sai ya sake sabon lale.

Mafita uku ce ga ɗan gudun hijira: komawa gida idan an sami lafiya, zama inda aka karɓe shi, ko a kai shi wata ƙasa ta uku. Mai son jami'a zai iya neman tallafin DAFI, wanda Jamus ta fara a 1992.

Kada mu ce hijira ta 'yan kwanaki ce, karatu ya jira. Falasɗinawan da suka bar gidajensu a 1948 har yau jikokinsu na Jodan, Labanon da Siriya. Makarantun hukumar UNRWA, wadda aka kafa a 1949, su suka hana karatunsu yankewa.

Mene ne namu? Mu adana takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa wuri guda, domin da su ake gane ajin ɗalibi a sabuwar makaranta. Idan baƙon ɗalibi ya shigo ajinmu, mu matsa masa a benci, mu ara masa littafi ya kwafi abin da ya wuce shi, kada mu laƙaba masa suna. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.