Ɗan Dakon Maiƙo Da Ke Cikin Fatar Mutum

Jama'a, hunturu yakan sauka Katsina tun watan Nuwamba, ba ya ɗagawa sosai sai wajen Fabrairu ko Maris. A cikin waɗannan watanni leɓe yakan tsage, ƙafa ta yi kaushi, diddige ya yi faso. Mutane da yawa ba su ɗauki wannan a bakin kome ba. Amma faso ƙofa ce a jiki, ƙwayoyin cuta kuwa ba su jiran a yi musu iso.

Saman fatar mutum gini ne irin na ganuwar birni. Matattun ƙwayoyin fata su ne tubali, maiƙo kuwa shi ne kwaɓin da ya riƙe su. Muddin maiƙon nan yana nan, laimar jiki ba ta gudu, ƙazanta ba ta shiga. Fata da kanta take haɗa yawancinsa, a cikin rayayyun ƙwayoyi na ƙasa, waɗanda ke hawowa sama sannu-sannu, har su mutu su kakkaɓe cikin wajen wata guda.

To, ga inda wuyar take. Cikin kowace ƙwaya ruwa ne, kowa kuwa ya san mai da ruwa ba su gamuwa. Yaya ke nan ɗigon maiƙo zai ƙetare ruwan nan ya isa inda ake ginin? Sai da ɗan dako. Ɗan dakon wani ƙanƙanin furotin ne, watau irin abin da ake gina tsoka da shi, masana suna kiransa FABP5. An harhaɗa shi da gutsattsari 135, ya naɗe kamar ɗan tulu mai rami a ciki. Ɗigo ɗaya tak yake ɗauka a ramin, ya kai, ya sauke, ya koma.

A shekarar 1992 masana a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak suka bayyana shi, bayan sun tarar da shi jingim a fatar masu soriyasis, wata cuta mai sa fata ta yi kauri tana ɓarɓashi. A 2002 kuma waɗansu masana a Japan suka gwada ɓerayen da aka hana wa wannan furotin. A ido fatarsu lafiya lau. Amma da aka wanke maiƙon da magani mai ƙarfi, sai gyaran ya yi nawa ƙwarai.

Ku lura, ba a sayar da ɗan dakon nan a kasuwa. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu rushe fiye da abin da zai iya ginawa. Mai wanka da sabulun wanki da ruwa mai zafi ƙwarai, sa'an nan ya dirje jiki da soso, ya kwashe aikin kwanaki cikin ɗan lokaci. Mafi muni shi ne man bilicin, gama waɗansu irinsa suna sa fata ta yi sirara. Majemi ma ba ya barin kirgi babu mai, balle fatar da ke da rai. A shafa man kaɗanya ko basilin da an fito wanka, tun jiki da danshi, a kuma kula da diddige bayan alwala. Akwai irin maiƙon da jiki ba ya iya yi da kansa, tilas sai daga abinci. Gyaɗa da riɗi suna da shi, kada a hana wa yara.

Mai ciwon sukari kada ya kuskura ya yanke kaushi da reza, domin ƙaramin faso yakan zame masa gyambo, har a kai ga yanke ƙafa. Shi da wanda fatarsa ke ɓarɓashi ba ta warkewa, su tafi Babban Asibitin Katsina likita ya duba su. Soriyasis ba kuturta ba ce, ba a kuwa ɗaukarta ta musabaha ko cin tuwo a kwano ɗaya.