Yadda Ake Tara Masu Ba Da Gudummawa Ga Sabuwar Buɗaɗɗiyar Manhaja: Darasi Daga Masakhane Da HausaNLP

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka saki asalin rubutunta, wato kod, a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar dubawa, gyarawa da rabawa. Tsarin Android da ke cikin yawancin wayoyin salula an gina shi ne a kan Linux, aikin da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finland. Abin da ya raya Linux shi ne dubban mutanen da suka sa hannu a cikinsa daga baya.

A nan ne sababbin ayyuka da dama suke tuntuɓe. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Gusau zai iya rubuta manhajar lissafin bashin shago ko ta farashin hatsi, ya ɗora a GitHub, abokai su yaba. Ranar da jarrabawa ko bautar ƙasa ta ɗauke masa hankali, aikin ya tsaya cak, waɗanda suka fara dogaro da manhajar su rasa mai gyara musu. Tambayar ita ce: ta yaya masu kallo za su koma masu aiki?

Abin da Masakhane ta yi

An kafa Masakhane a 2019, lokacin taron Deep Learning Indaba a ƙasar Kenya, domin gina fasahar fassara da sarrafa harsunan Afirka. Sunan daga harshen Zulu yake, ma'anarsa "mu gina tare". Maimakon su jira ƙwararru, sai waɗanda suka fara tafiyar suka shirya wani shafin kod a Google Colab wanda mutum zai buɗe a burauza, ya zaɓi harshensa, ya bi matakai ɗaya bayan ɗaya har ya horar da injin fassara. Ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada, domin injinan Google ne ke ɗaukar nauyin lissafin. Sannan suka riƙa haɗuwa ta intanet a kai a kai, inda sabon shiga ke iya yin tambaya ba tare da jin kunya ba.

Da suka wallafa bincikensu a 2020, sunayen gommai na mutane daga ƙasashe daban-daban ne suka fito a matsayin marubuta. Wanda ya taimaka da sanin harshe an lissafa shi tare da wanda ya rubuta kod.

Irin wannan tafiya ce ƙungiyar HausaNLP take bi. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin Buroka, kimanin 30,000 a kowane harshe. Masu jin harsunan ne suka tantance kowane saƙo, ko na yabo ne, ko na suka, ko tsaka-tsaki. An ɗora bayanan a GitHub, kuma aikin ya faɗaɗa zuwa AfriSenti mai harsuna 14 a 2023. Babban ɓangaren wahalar aikin sanin harshe yake buƙata, ba iya kod ba.

Ƙofar shiga ta zama ƙarama

Darasi na farko shi ne a sauƙaƙa aikin farko. Misali mafi kusa da mai waya shi ne Common Voice, wanda Mozilla ta ƙaddamar a 2017 domin tara muryoyin da ake koya wa kwamfuta jin magana, kuma akwai Hausa a ciki. Mutum zai karanta gajerun jimloli a naɗe, ko ya saurari na wasu ya tabbatar ko an karanta daidai. Cikin 'yan mintuna ya ba da gudummawa ta gaske. Muryar matashi daga Wonaka, Tsafe ko Bunguɗu tana da daraja ta musamman a irin wannan rumbu, domin injin da ya saba da lafazin Kano kaɗai zai iya rikicewa idan ya ji mai cewa "tahi" a wurin "tafi".

Mai sabuwar manhaja zai iya kwaikwayon wannan ta hanyar ware ƙananan ayyukan da ake gamawa a zama ɗaya:

- fassara rubutun maɓallai goma zuwa Hausa;
- gwada manhajar a ƙaramar wayar Itel ko Tecno da ɗaukar hoton inda ta maƙale;
- duba ko haruffan ɓ, ɗ, ƙ suna fitowa daidai;
- gyara kuskuren rubutu a bayanin amfani.

Kowane aiki a rubuta shi daban a sashen matsaloli na GitHub, a saka masa alamar da ke nuna ya dace da sabon shiga, a faɗi fayil ɗin da za a taɓa da yadda za a gane an gama.

Takardu uku kafin gayyata

Kafin a tallata aikin, ana buƙatar abu uku a cikin rumbun. Na farko fayil ɗin README, mai bayyana abin da manhajar ke yi da yadda ake girka ta. Na biyu fayil ɗin CONTRIBUTING, mai nuna yadda ake turo gyara da wanda zai duba. Na uku lasisi. Kod ɗin da aka ɗora ba tare da lasisi ba, a doka haƙƙinsa yana hannun marubucinsa kaɗai, ko da kowa na iya ganinsa. Lasisin MIT yana barin kowa ya yi amfani da kod ɗin har a manhajar kuɗi, muddin ya bar sanarwar mai haƙƙin. Lasisin GPL kuwa yana wajabta wa wanda ya gyara ya raba, ya saki nasa gyaran a ƙarƙashin sharaɗi ɗaya. Rubuta bayanan biyun farko da Hausa da Turanci yana ninka waɗanda za su iya shiga.

Amsa da wuri

Wanda ya ƙona datarsa ya turo gyara, aka yi makonni ba a kula shi ba, da wuya ya dawo. Ko babu lokacin dubawa, gajeren saƙon godiya da faɗin ranar da za a duba ya isa ya riƙe shi. Idan gyaran bai yi ba, a nuna layin da ke da matsala da yadda za a gyara, a bar maganar a kan aikin. Sannan a rubuta sunan kowa a jerin masu gudummawa, har da masu fassara da masu gwaji. Ga matashin da ke neman shiga Google Summer of Code ko Outreachy, wannan tarihin aiki hujja ce da zai nuna.

A yi la'akari da sabis

A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni babu sabis. Ko a ranakun lafiya, data da caji suna da tsada. Git, wanda GitHub ya ginu a kansa, yana ba mutum damar sauke aikin gaba ɗaya, ya yi gyare-gyare ba tare da intanet ba, ya tura idan sabis ya samu. Saboda haka kada a rataya aikin a kan taron bidiyo. Zauren WhatsApp ko Telegram yana da amfani wajen hira, amma duk shawarar da aka yanke a can a kwafe ta zuwa GitHub, domin wanda ya shigo bayan wata shida ya tarar da ita.

Raba ragama, amma da lura

Idan mutum ya daɗe yana turo aiki mai kyau, a ba shi wani sashe ya riƙe, kamar fassara ko amsa tambayoyin sababbi. Hakan ne ke hana aikin mutuwa idan wanda ya kafa shi ya tafi. Sai dai ikon haɗa kod abu ne da ake bayarwa a hankali. A watan Maris na 2024 injiniya Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofar kutse a manhajar xz da tsarin Linux da yawa ke amfani da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ne ya shafe kusan shekara biyu yana taimako har ya samu amanar mai kula da aikin, wanda nauyi ya yi wa yawa shi kaɗai. Maganin shi ne masu kula su kai biyu ko fiye, kuma kada wani gyara ya shiga sai wani ya duba.

Mai sabuwar manhaja zai iya farawa a wannan makon da ƙananan ayyuka biyar a rubuce, bayani da Hausa, da alƙawarin amsa duk wanda ya turo gyara cikin kwana biyu. Wanda kuma bai iya kod ba, wayarsa da harshensa sun ishe shi shiga sahu.